Shinkafar Kashi, da Abin da Na Gano a Zimbabuwe

Wana ne ya ci mutuncina, Alhaji Bukar, wanda muke uba ɗaya. A bainar jama'a ya yi, don haka ni ma ba zan rufa masa ba. Ranar kasuwa ya zo layin 'yan shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, inda matan da ke gumi, masu turara ta, suke sayayya, ya tokari buhuna da sandarsa ya ce, "Wannan shinkafar kashi ce. Duk wadda ta saya, ta san abin da za ta tuƙa wa mijinta." Matan suka ja mayafi suka toshe hanci, alhali shinkafa ce tas kamar ta kowa. Haka na mayar da kayana gida a kura, ko mudu ban sayar ba.

Na fara da wannan ne don ku gane abin da ya fitar da ni daga Hadejia. Tun da na dawo kun hana ni sakat. A wurin mai shayi tambaya, a ƙofar masallaci tambaya: "Haladu, wai da gaske jirgi ka hau ka je kallon masai?" E, da gaske ne. Ga shi na rubuta gaba ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ku bar ni in sha shayina.

Kun dai san aikina. Ni ne shugaban leburori a sashen tsabta, mu ke yasar kwata, mu ke kwashe masai in ya cika. Boko na ɗan taɓa, na gama firamare, na shiga makarantar sana'a ban ƙarasa ba saboda rasuwar Baba. Abin da Baba ya bar mini gona ce a fadama ta wajen Auyo, tana iyaka da ta Alhaji Bukar. Da can ruwa kan malalo kowace damina ya kwanta, in ya janye ya bar baƙar laka, ba ruwanka da neman taki. Tun da aka tare kogin da madatsai can sama, ruwan sai ya ga dama yake zuwa, ƙasar kuwa ta gaji. Shinkafata ta tsaya iya gwiwa, ganye ya yi duhu yana ja daga gefe, gindin ba ya 'ya'ya. Malamin gona ya duba ya ce supa take so, takin nan mai fosforas. To supa a garin nan a hannun wa take? Alhaji Bukar ne dila. Na je har shagonsa ya ce ta ƙare, ga buhuna a bayansa har rufi. Gonar yake so ya haɗe da tasa, ya sa inji ya noma alkama.

Shi ya sa na kwashi tsohuwar ƙasar masai, wadda ta yi shekaru a rufe, ta bushe ta yi baƙi ko wari ba ta yi, na zuba. Shinkafa ta tashi. Sai ya yi mini abin da ya yi a kasuwa. Bai tsaya nan ba, ya wuce wurin Baffa Idi, ƙanin mahaifinmu, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya ce na ƙazantar da gadon Baba. Baffa ya yanke hukunci: kada in ƙara zuba najasa, kuma a jira girbi mai zuwa. In gonar ta yi, tawa ce. In ba ta yi ba, a bar wa mai hali ya raya ta. Wato an hana ni supa, an hana ni abin da ke hannuna, an ce je ka yi noma.

Ana cikin haka labari ya zo ofis cewa wasu masu ba da taimako za su kai mutum biyu kwas ƙasar waje, ɗaya mai ilimi, ɗaya mai aikin hannu. Manya suka yi ta rububi, kowa da ɗan ƙaninsa da ya zama mai aikin hannu rana tsaka. Da aka ji ba Ingila ba ce, Zimbabuwe ce, kuma ruwan masai za a je koyo, sai kowa ya tuna yana da uzuri. Malam Yohanna, wanda aka ba gurbin mai ilimin, shi ya sa sunana. Shi ne jami'in lafiyarmu, mutumin kudancin Kaduna, ya daɗe a Hadejia har 'ya'yansa ba su san wani gari ba.

Ya same ni muna yasar kwatar bayan tasha ya ce, "Haladu, za ka?"

Na ce, "Oga, can ɗin ma kashin ne?"

Ya ce, "Shi ne. Amma an ce su taki suke fitarwa daga ciki, irin wanda yayanka ya hana ka."

Ban ƙara tambaya ba. Na ajiye shebur na tafi ɗaukar hoton fasfo.

Mun tashi tsakiyar bazara, ana zafin nan da ke narkar da kwalta. Matata Hajara ta ƙulle mini yaji da ƙuli-ƙuli da kuka. Malam Yohanna ya ce in bar kukar, masu bincike za su ce ganyen maye ne. Na bari, kuma har yau ban yafe masa ba. Motar haya muka shiga zuwa Kano, taya ta fashe kafin Gujungu, direba ba shi da jak, mu fasinja muka ɗaga motar da hannu. Na ce wa Malam Yohanna, "Oga, ka ga masu zuwa ƙasar waje." Daga Kano jirgi zuwa Legas, daga can wani babba.

Jirgi ba shi da wani abin tsoro in ban da kunne da ke toshewa. Ni abin da ya dame ni bayan gidansa. Mutum da sana'arsa. Na shiga na ƙare masa kallo, ɗan ɗaki kamar akwati, na danna wani abu, sai ya yi wata irin zuƙa da ƙara, na ɗauka ƙasan jirgin ne ya ɓalle. Na fito ina salati. Da na zauna na raɗa wa Malam Yohanna, "Oga, wannan a kan wa yake zuba?" Ya yi dariya har matar da ke raba abinci ta zo ta tambaya ko lafiya. Ashe tanki ne da su a ciki, sai an sauka a kwashe. Na ce to, ko a sama akwai mu.

A bakin shiga ƙasar, da suka ga koren fasfo sai aka ware mu gefe. An duba jaka, an duba takalmi, har hulata an cire an leƙa. Wani ya kwance ƙullin yajin Hajara ya kai hanci. Ban hana shi ba. Ya yi atishawa har hawaye, 'yan uwansa suna ta yi masa dariya, a nan binciken ya ƙare.

Abin da ba wanda ya faɗa mini, lokacin da muke gasuwa a Hadejia su sanyi ne yake shigo musu. Na ce ai ƙasar baƙar fata ce, na taho da 'yar shara da riguna marasa nauyi. Masaukinmu ɗakunan ma'aikata ne a gefen birnin Harare, gado biyu, bargo ɗaɗɗaya. Da safe in ka yi magana hayaƙi ke fita daga bakinka. Malam Yohanna ya ara mini suwaita ta cocinsu, na sa a ƙarƙashin riga. Ya ce, "Malam Haladu, yanzu saura baftisma." Na ce, "Oga, da ruwan nan mai sanyi? Ko Musulunci aka ce in sake shiga da shi sai rana ta fito."

Abincinsu tuwon masara ne, sadza suke ce masa, safe da rana da yamma. Tuwon ba laifi, amma ba su san miya ba. Ganye ne a soye, ba daddawa, ba yaji, ba yauƙi. Nama kuwa na ƙi taɓawa don ban san wa ya yanka ba. Wata rana aka kawo busassun tsutsotsi a faranti, manya kamar yatsa, ana ta murna. Na ture. Malam Yohanna yana tauna yana cewa, "Kai da ke cin fara da yaji a bakin kasuwa?" Na ce fara tashi take yi, wannan kuwa jan ciki take. Wata al'adarsu kuma, in ka miƙa wa mutum abu sai ya tafa hannu kafin ya karɓa. Da farko na ɗauka kaji ake kira, ina ta waige. Ashe godiya ce. Kafin mu taho ni ma na iya, kuma na ga ta fi tamu, inda za ka yi wa mutum aiki ya karɓa da hannun hagu yana kallon wani wuri.

Yanzu ga abin da ya kai mu. Can duk masan birnin a haɗe suke da bututu ta ƙarƙashin ƙasa, komai yana gangarawa wuri ɗaya a bayan gari. Kada ku ce rami ne. Fili ne ya fi filin idinmu, cike da manyan kududdufai na siminti, ruwa yana bi daga wannan zuwa wancan. A farko wari kam akwai, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma kana tafiya yana raguwa, a ƙarshe ruwa ne garau yake fita. A gefe kuma ga shanu suna kiwo a ciyawar da aka yi wa ban ruwa da shi, kowace saniya bayanta kamar tebur.

Wadda ta koya mana aikin Misis Moyo ce, mai kula da ɗakin gwaji, gajeriya, mai faɗa, takalmin roba har gwiwa. Ita ke Turanci, inda ya fi ƙarfina Malam Yohanna ya juya mini. Ta ɗebo baƙin dagwalon nan ta ɗiga a gilashi, ta sa ni na leƙa ta madubin asibiti, mai girmama ƙaramin abu. Jama'a, abin da muke kwashewa da bokiti ashe gari ne guda. Wasu halittu ne ƙanana birjik, suna motsi. Na ja da baya na ce ƙwayoyin cuta. Ta ce a'a, bakteriya dai, akwai masu cuta a cikinsu, akwai ma'aikata, kuma waɗannan su ne leburorinta, ba ta biyansu ko kwabo.

Ga yadda take sa su aiki. Duk abin da mutum ya ci, akwai fosforas a ciki, kuma mafi yawansa fita yake yi. In aka bar shi ya shiga kogi, ciyawa ce za ta haukace ta toshe ruwa. To sai a tura dagwalon cikin kududdufin da ba iska. Halittun nan in suka rasa iska sai su ƙuntata, su furzar da fosforas ɗin da ke cikinsu. Daga nan a kora su kududdufi na gaba, inda inji ke hura iska ta ƙasa, ruwan yana tafasa ba wuta. Da sun ji iska sai su faɗa wa fosforas da haɗama, su haɗiye wanda suka furzar, su ƙara da wanda ya zo a ruwan, fiye da buƙatarsu. Sai a bar su su kwanta a ƙasa da cikinsu cike, ruwan sama ya wuce kogi ba komai a cikinsa.

Na ce wa Malam Yohanna, "Oga, tambaye ta, wato azumi take sa su, sannan ta kai su buɗa baki?"

Da ya juya mata ta yi dariya ta ce haka ne, kuma ba a gama ba. Ta kai mu wata rumfa inda take nata gwajin da 'yan tankuna. Waɗanda suka ƙoshi ɗin nan take ɗiba ta rufe su a tanki, ta sake hana su iska. Sai su amayar da abin da suka tara duka a cikin ɗan ruwa kaɗan. Ta tsiyaye ruwan, ta zuba masa farar ƙasa irin wadda muke shafe ɗaki da ita, ta motsa. Muna tsaye ruwan ya yi fari kamar koko, wani abu ya fara kwanciya a gindi. Shi take shanyawa. Ta buɗe wani buhu ta ɗebo mini a tafin hannu. Gari ne fari, na shinshina ba wari, na murza, laushi. Ta ce wannan ɗan uwan supa ne, abin da shuka ke nema a buhun dila shi ne a nan.

Na daɗe a tsaye da garin nan a hannuna. Ni da aka kira mai shinkafar kashi a gaban mata. Ban san lokacin da na ce, "Allahu Akbar" da ƙarfi ba, har ta firgita.

A wurin na haɗu da Baba Sa'idu. Dattijo ne mai kula da kududdufin iska, asalinsa mutumin Malawi. Haɗuwar ma da dalili. Iska ta ɗauke hulata ta jefa cikin ruwan da ke tafasa, na durƙusa na miƙa hannu zan kamo, sai na ji an fizgo ni ta wuyan riga har na faɗi zaune. Tsohon yana ta faɗa da yarensu. Ashe ruwan da aka cika da iska ba ya ɗaukar mutum, ko kai ɗan masunta ne nutsewa za ka yi kamar dutse. Ni da nake taƙama na tashi a bakin kogi. Hular dai ta tafi, su leburorin Misis Moyo sun samu.

Da ya ji ina innalillahi sai ya tsaya ya ce, "Musulmi?" Na ce Musulmi. Ya rungume ni da rigar aikinsa. Lokacin azahar na shimfiɗa ɗan buhu na fuskanci inda rana ke fitowa kamar yadda na saba tun ina yaro, sai ya kama kafaɗuna ya juya ni arewa. Na ƙi, ya nace. Sai da Malam Yohanna ya zana mana ƙasa da tsinke, ga Makka, ga Hadejia, ga inda muke, sannan na yarda. Tun zuwana ashe wani wuri daban nake kallo. Kirista ne ya nuna mini alƙibla, ku rubuta wannan ku ajiye.

Ranar Juma'a Baba Sa'idu ya kai ni masallacinsu, daga nan gidansa. A nan na fara cin nama, da shinkafa da kifi. Da guntun Turancinsa da guntun nawa muka yi hira. Ya ce mahaifinsa da ƙafa ya zo ƙasar zamanin Turawa, aikin ɗaukar bokitin kashi a ka, don 'yan ƙasa sun ƙi yi. Yara na binsu da jifa, akwai sunan da ake kiransu da shi wanda har yau ba ya son ji. Na ba shi labarin kasuwa da na Alhaji Bukar. Sai ya nuna wani saurayi mai tsayi da ya shigo, ya ce ɗansa ne, shi ke gyaran injinan hura iska, ya yi makaranta a kan aikin. Ya ce, "Mu ba mu bar aikin ba. Aikin ne ya yi daraja ya same mu a ciki." Ranar da za mu taho ya ba ni hula sabuwa, fara, irin tasu. Na tafa hannu na karɓa.

Na roƙi Misis Moyo ta cika mini gwangwanin madara da garin nan. Malam Yohanna ya ce, "Haladu, ɗan Najeriya da farin gari a jaka? Kana son mu tsufa a kurkuku?" Na ce ko za a yanka ni sai na kai shi Hadejia. Ya kuwa faɗa. A filin jirgin da muka yada zango, mai bincike ya buɗe gwangwanin, idonsa ya yi haske kamar an yi masa albishir. Ya kira 'yan uwansa, aka kewaye mu. Kafin in buɗe baki ya tsoma ɗan yatsa ya ɗora a harshe. Ya tsaya yana tunani, ya ƙara. Sannan ya ce mene ne wannan? Malam Yohanna yana ta neman kalma mai ladabi, ni kuwa na faɗa masa kai tsaye da Turancina daga inda aka samo shi. Ban taɓa ganin mutum ya nemi famfo da gudu haka ba. Babbansu ya karanta shaidar da Misis Moyo ta haɗa mana, ya rufe gwangwanin da kansa ya ce mu tafi, mu tafi.

Mun iso gida hadari ya fara haɗuwa. Ko hutawa ban yi ba na wuce wurin Baffa Idi. Na same shi a zaure yana gyaran fatanya. Na gaishe shi, na zuba garin a murfin kwano na tura gabansa.

Ya murza, ya shinshina, ya ce, "Bukar ya ba ka supa ke nan? Madalla, dama haka ake so."

Na ce, "Baffa, ba daga shagon Yaya ya fito ba." Na kwashe labari na faɗa masa, da azumin da buɗa bakin da aman.

Ya goge yatsunsa a tabarma a hankali ya ce, "Haladu, ni ban hau jirgi ba. Ban ce ka yi ƙarya ba, amma wannan ta fi ƙarfina. Tashi mu je wurin liman."

Liman ya saurara har ƙarshe, ya yi tambayoyi, shi ma ya shinshina. Ya ce abin da ya juye ya bar kamanninsa da warinsa ya zama wani abu daban, ba a kiransa da sunansa na da. Ya ƙara da cewa abin da ƙasa ta tsirar ma halal ne, ko da me aka yi mata taki. Baffa ya ce, "To me ya sa ba ka faɗa ba tun bara?" Liman ya ce, "Wa ya tambaye ni?" A nan Baffa ya janye hanin da ya yi mini a kan tsohuwar ƙasar masai. Maganar girbi kuwa ya ce tana nan yadda take.

Gwangwani ɗaya ba ya noma gona, na sani. Na zuba shi a 'yan layuka ta bakin hanya inda kowa zai gani, sauran na bi da tsohuwar ƙasa. Sannan ni da Malam Yohanna muka jera durom-durom a bayan ofis, mu ma mu gwada. Ba mu da injin hura iska, na aro zugazugi a maƙera, muka yi ta zuga da hannu har kafaɗa ta sage. Abin ya ruɓe, ya yi warin da ko ni sai da na ja baya, maƙwabta suka kawo ƙara. Muka zubar muka sake. Daga baya muka samu tsohon injin mai faci, shi ya riƙe mana iskar. Ranar da muka zuba farar ƙasa muka ga ruwan ya yi kauri ya fara kwanciya, Malam Yohanna ya yi wata rawa ta garinsu da babban tumbinsa. Abin da muka shanya bai cika tafin hannu ba, kuma ba fari ba ne kamar na Misis Moyo, toka-toka ne. Amma na Hadejia ne, daga cikinku ya fito, ku masu tambaya. Leburorina da ke ɓoye fuska in sun ga surukansu, yanzu su ke jan mutane su zo su gani.

Shinkafa kuwa ta yi. Layukan bakin hanya sun fi, gindi ɗaya ya yi 'ya'ya har ba ka haɗa shi da hannu, sauran ma ba kunya. Masu wucewa a babur suna tsayawa. Baffa ya shiga kwalekwale da kansa ya zagaya, ya tsinko zangarniya ya sa a aljihu.

Ana saura kaɗan a fara yanka, aka yi ruwan nan mai yawa na ƙarshen damina. Masan gidan Alhaji Bukar ya cika ya tumbatsa, ya malalo tsakar gida, ga shi yana shirin walima, baƙi za su zo daga Kano. Ya aiko direbansa, na ce ban ji ba. Ya aiko babban ɗansa, na ce ya gaida babansa. Da hantsi sai ga shi da kansa a bayan ofis, babbar riga tana jan ƙasa, ya tsaya nesa da durom yana toshe hanci da hankici.

Ya ce, "Haladu, ai ba ma haka da kai. Ka turo yaranka yau in an yi shirin kwana, su shiga ta ƙofar baya yadda aka saba, kada unguwa ta sani."

Haka ake yi mana a garin nan tun kakanni, kun sani. A kira mu cikin duhu, mu shiga ta baya, mu fita ta baya, gari ya waye kowa ya yi kamar mala'iku ne suka zo.

Na wanke hannuna, na matso har inda yake na ce, "Yaya, zan kwashe maka, don gidan ɗan uwana ne, kuma akwai yara a ciki. Amma da rana zan zo, ta ƙofar da baƙinka za su shiga, mu fito ta nan, mu bi ta bakin kasuwa. Kafin nan ka je wurin Baffa da ƙafarka ka ce ka cire bakinka daga gonata. Abin da kake ɓoyewa a shago kana hana mutane, kowace safiya kai ma kana zubar da irinsa kyauta, ni kuwa na je har inda aka san darajarsa na koyo yadda ake tsamo shi. Naka ma nan zan kawo shi, in sa shi azumi, in kai shi gonar Baba. Baɗi in Allah ya kai mu, buhun farko da na sussuke gidanka zan aiko. Ka ci da hannu biyu, Yaya. Kai ka yi takinta."